Magidanci a Layin Asibitin Mata: Rashin Haihuwa da Aikin Malaman Jinya

A yawancin asibitocinmu, maganar rashin haihuwa a sashen mata take zaune. Can ake yankar kati, can ake bin layi, can likitan yake. Idan bincike ya biyo ta kan miji, sai a rubuta 'yar takarda a ba matar, a ce ta kai masa ya je ɗakin gwaji. Wato saƙon da ya fi kowane nauyi a kunnen magidanci, cewa ana son a duba maniyyinsa, ta hannun iyalinsa zai iso masa, ba bayani, ba wanda zai tambaya. Da yawa daga cikin waɗannan takardu a aljihun riga suke tsufa. Wasu mazan kuma su daure su yi gwajin, su karɓi sakamako a tagar ɗakin gwaji, su karanta abin da suka iya karantawa a tsaye, daga nan asibitin ba zai sake ganin ƙeyarsu ba.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya ce kusan mutum 1 cikin 6 na manya yana gamuwa da rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma bambancin ƙasashe masu arziki da matalauta a wannan bai taka kara ya karya ba. Abin da likitoci ke nufi da rashin haihuwa shi ne a yi wata 12 ana kwanciyar aure ba tare da tsarin iyali ba, ciki bai shiga ba. A kusan rabin ma'auratan da ke cikin wannan hali akwai matsala daga wajen namiji, ko shi kaɗai, ko shi da matar. Gwajinsa kuwa shi ne mafi araha da sauƙi: ba allura, ba wuƙa. Ita mace fa? A ɗibi jini, a yi hoton ciki, a tura ruwan rini ta bakin mahaifa don a ga ko hanyoyin ƙwai a buɗe suke, abin da duk wadda aka yi wa za ta gaya maka zafinsa. Amma ita ake farawa da ita, kuma sau da yawa ita kaɗai ake yi wa har shekaru su shuɗe.

Ana yawan cewa girman kan maza ne. Akwai shi, ba musu. Sai dai ni a ganina an fi ɗora wa girman kai laifin da na tsarin asibiti ne. Mutumin da ba a gayyace shi ba, ba a ba shi kujera ba, ba a yi masa bayani ba, ba a tanadar masa wurin sirri ba, in ya gudu ba abin mamaki ba ne. A wannan giɓin ne aikin malamin jinya ko malamar jinya yake, domin likita yana da 'yan mintuna ne da kowane majinyaci, mai ɗakin gwaji kuma da kwalba yake hulɗa. Nas ce take nan kafin a shiga wurin likita da bayan an fito, ita ake tsayarwa a baranda a ce, "Sista, don Allah me ya ce ne? Ban gane ba."

Hannun malaman jinya a wannan fanni ba sabo ba ne. Lokacin da aka haifi Louise Brown a garin Oldham na Ingila ranar 25 ga Yuli 1978, jaririya ta farko da aka samu ta hanyar haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, sunaye biyu duniya ta riƙe: Patrick Steptoe da Robert Edwards. Ta ukunsu, Jean Purdy, nas ce da ta koma aikin ɗakin gwaji, ta yi shekara 10 tana aikin tare da su, kuma da ita aka kafa asibitin Bourn Hall a 1980. Ta rasu a 1985 tana da shekara 39. Da aka zo kafa allon tunawa a Oldham sai aka bar sunanta, duk da Edwards ya rubuta wasiƙa yana ƙorafi. Daga baya ƙasashen Turai suka mai da kula da zuciyar majinyaci wani ɓangare na aikin. Dokar Birtaniya ta 1990 ta wajabta wa asibitocin haihuwa masu lasisi su ba mutane damar ganin mai ba da shawara kafin wasu nau'o'in magani. A 2015 ƙungiyar masana haihuwa ta Turai, ESHRE, ta fitar da jagora da ke cewa wannan kulawa ta yau da kullum aikin duk ma'aikatan da ke hulɗa da majinyaci ne, a bar wa ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa waɗanda abin ya yi wa tsanani.

To me ake faɗa wa mutum a irin wannan zama? Wanda ya ɗauka lallashi ne, a dafa kafaɗa a ce a yi haƙuri, bai san maza ba. Magidancin da za ka tambaya yadda yake ji a ransa, "Alhamdu lillahi" zai ce maka, ya miƙe. Amma ka ɗauko takarda ka zana masa inda ƙwayoyin haihuwa ke samuwa da hanyar da suke bi, zai gyara zama, ya yi tambaya, daga tambaya ta uku ko ta huɗu sai abin da ke cinsa ya fito da kansa. Taimakon da maza suka fi karɓa shi ne wanda ya zo musu a matsayin ilimi. Tausayi a fili kuwa, da yawansu zagi suke jin sa.

Abu na farko da ke bukatar warwarewa shi ne cakuɗa haihuwa da ƙarfin kwanciya. "Ni fa lafiyata ƙalau, Sista, a tambayi iyalina." Gaskiya ya faɗa, kuma ba ita ake tambaya ba. Ruwan da yake gani, mafi yawansa daga wasu gaɓoɓi na cikin mara yake fitowa, ƙwayoyin haihuwa da 'ya'yan maraina ke samarwa ɗan kaɗan ne a ciki, ido ba ya ganinsu. Mutum zai iya kasancewa da cikakken ƙarfi, ruwansa da kauri da yawa, amma babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Kusan namiji 1 cikin 100 haka yake. Wannan bayani yana yin aiki biyu: yana rushe hujjar ƙin gwaji, yana kuma cire wa mutum tsoron cewa takardar za ta ce shi ba namiji ba ne. Nas ɗin da ta iya cewa, "Malam, wannan gwajin ba ruwansa da mazantakarka, lissafin ƙwayoyi ne kawai," ta riga ta yi rabin aikin.

Sai maganar kawo maniyyin, wadda kowa ke tsallakewa don kunya, alhali a nan mutane da yawa suke tsayawa. Ƙa'ida ita ce a ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, a tara duka a kwalbar da aka bayar, a fara dubawa cikin awa 1. Ba a amfani da kwaroron roba na kanti, domin abin da ke jikinsa yana kashe ƙwayoyin. Fitarwa a waje yayin saduwa ma ba a so, saboda ɗigon farko shi ya fi ƙwayoyi kuma shi ke saurin zubewa. Yanzu a dubi dattijon da aka miƙa wa kwalba a gaban jama'a, aka nuna masa ban-ɗakin da ƙofarsa ba ta kulluwa, mutane na jira a waje. A ƙara da cewa yana da shakku kan halaccin fitar da maniyyi da hannu, yana tunanin wankan janaba kafin azahar, ko kuma watan azumi ne. Duk waɗannan suna da mafita mai sauƙi idan an yi maganarsu: ya yi a gida tare da iyalinsa in gidan ba nisa, ya sako kwalbar a aljihu kusa da jiki don kada ta yi sanyi ko rana ta buge ta, a ba shi lokacin da layi bai cika ba, a ɗage zuwa bayan salla in ba gaggawa. Amma sai an sami wanda ya fara buɗe zancen ba tare da murmushi ko sunkuyar da kai ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma nas ce ya kamata ta nuna hakan da yadda take magana.

Karanta sakamako shi ma fanni ne. Littafin gwajin maniyyi na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 6 da ya fito a 2021, ya sa ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita a matsayin iyakar ƙasa, da kashi 42 cikin 100 masu motsi, da kashi 4 cikin 100 masu cikakkiyar siffa. Mutum ya ga miliyan 12 a takardarsa sai ya ɗauka an yanke masa hukunci. Alhali waɗannan alƙaluma an samo su ne daga mazan da matansu suka yi ciki cikin shekara guda, aka ja layi a inda kashi 5 cikin 100 na ƙarshe suke. Ma'ana, cikin mazan da suka haihu ma, 1 cikin 20 yana ƙasa da layin. Ba makin cin jarrabawa ba ne. Haka wanda ya ga kashi 4 ko 5 na siffa zai firgita ya ce saura duk sun lalace, bai san cewa haka abin yake ga masu haihuwa ba. Ga kuma lokaci: ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kwana 74 ko kusa da haka kafin ta kammala, ban da kwanakin da take yi a hanya. Zazzaɓi mai zafi da aka yi wata biyu baya yana iya rage lissafin yau. Shi ya sa ba a gina hukunci kan gwaji ɗaya, shi ya sa kuma duk wani magani ko barin taba sai an ba shi kamar wata 3 kafin a ga tasirinsa. Wanda ba a gaya wa haka ba, bayan mako biyu zai ce maganin asibiti ba ya aiki, ya koma wurin mai lasifika a bakin kasuwa.

A irin wannan hira ce ake jin abin da ba a faɗa wa likita. Hangum da aka yi bayan balaga har maraina suka kumbura. Ciwon sanyi na ƙuruciya da aka kashe da 'yan ƙwayoyin kemis, ya tafi ya bar tabo a hanyar maniyyi. Aikin ƙaba da aka yi tun yana yaro. Tiramol, wiwi, sigari. Mafi ban takaici shi ne allurar sinadarin maza, testostaron, da wasu ke yi don ƙarin ƙarfi ko gina jiki, wasu ma don neman haihuwar: idan ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa tana daina aika wa maraina umarni, lissafin ƙwayoyi ya faɗi, har ya iya kaiwa sifili. Galibi yana farfaɗowa in an daina, amma sai an san ana yi. Akwai kuma kumburin jijiyoyin jini na maraina, wanda ake samu a kusan kashi 15 cikin 100 na maza, ya fi haka yawa a cikin masu neman haihuwa, kuma likitan mafitsara yana iya gyara shi da aiki. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da irin waɗannan likitoci. Mutum da yawa bai ma san akwai likitan da ba na mata ba da zai duba shi.

Inda aikin ya fi wuya shi ne sirri. Sakamako ya nuna matsalar daga miji take, ya ce, "Sista, don girman Allah kada iyalina su ji." Haƙƙinsa ne a rufa masa asiri, babu ma'aikacin lafiyar da ke da ikon kai wa wani labarin majinyaci ba da izninsa ba. Amma ga matar a waje, ana kiranta juya, uwar miji ta sa ta gaba, ana shirin yi mata kishiya, kuma tana gab da sake biyan kuɗin wani gwaji mai zafi da ba ta bukata. Wasu matan sun sani sarai, su ne ma suke ɗaukar laifin da gangan don su rufa wa mazajensu asiri, su shekara goma suna shan gori ba su ce uffan ba. Nas ba za ta tona ba, ba za ta kuma yi wa matar ƙarya ba. Abin da ya rage mata shi ne ta zaunar da mijin ta nuna masa abin da shirunsa ke jawowa, har da cewa ƙarin aure ba zai canza lissafin ba, sai dai ya ƙara yawan waɗanda za su gane. Ta yi masa tayin su gaya mata tare, a ɗaki, da kalmomin da ya yarda da su. Abin da ya fi duka shi ne a yi wannan magana tun kafin gwaji, a tambayi ma'auratan yadda suke so a ba su sakamako, lokacin da babu wanda ya san inda abin zai faɗa.

Akwai wani rami da ya fi wannan zurfi. Magidanci mai 'ya'ya biyu ko uku, haihuwa ta tsaya, aka gwada aka ga babu ƙwaya. Tambayar da za ta faɗo masa, ko ya furta ko bai furta ba, kowa ya san ta. Kalma ɗaya ta sakaci a nan tana iya kashe aure ta jefa nasabar yara cikin zargi. Dole a faɗa masa tun bai tambaya ba cewa gwajin yau labarin yau yake bayarwa. Hanya tana toshewa bayan ciwo, maraina suna raunana bayan jinya ko magani, mutum ya haihu shekara 10 baya yau kuma ya kasa. Wannan jumla ba ta cikin takardar ɗakin gwaji, sai dai a bakin mutum.

Ga waɗanda hanyarsu ta kai ga haɗa ƙwai a ɗakin gwaji, wato IVF, damuwar sabon salo take ɗauka. Tun 1992, da Gianpiero Palermo da abokan aikinsa a Brussels suka fito da dabarar ICSI, ta cusa ƙwayar maniyyi guda ɗaya cikin ƙwai da siririyar allura, mazan da a da aka cire musu rai suka sami hanya, har waɗanda sai an ciro ƙwayoyin daga cikin maraina. Sai dai jikin matar ne ke biya: ita ake yi wa allurai na kwanaki, ita ake ciro wa ƙwai, ko da lafiyarta ƙalau. Mijin yana tsaye yana kallo, ya san saboda shi ne, ga kuɗin da ya kai a sayar da fili. Ranar ciro ƙwai kuma a ce ya kawo maniyyi nan take, firgici ya hana wasu. Nas mai lura takan hango wannan ta ba da shawarar a daskarar da wani tun kafin ranar. Marcia Inhorn ta jami'ar Yale, wadda ta yi shekaru tana bincike a asibitocin haihuwa na Masar da Lebanon, ta nuna a littafinta na 2012 yadda maza Musulmi da yawa suka daina ganin abin a matsayin abin kunya da zarar sun fahimce shi a matsayin ciwo mai suna da magani. Ta kuma nuna ɗaya fuskar: matar da ta yi haƙuri da miji shekaru, sai maganin ya zo lokacin da ƙwanta ya tsufa, shi kuma ya fara tunanin yarinya. Duk jinkirin da miji ya yi wajen gwaji, daga shekarun haihuwar matarsa ake cirewa, kuma ya kamata a gaya masa haka ƙarara.

Tambayar addini ba ta rasa tasowa. Tun 1980 muftin Masar na lokacin, Shaikh Jadul Haƙƙ, ya ba da fatawar halatta wannan aiki muddin ƙwan matar ne da maniyyin mijinta kuma auren yana nan, ya haramta shigo da na wani, kuma a kan haka malaman Sunna suka tafi. Cocin Katolika kuwa a 1987 ta ƙi amincewa da aikin gaba ɗaya. Nas ba mai fatawa ba ce. Amma ya kamata ta san wannan gwargwado, ta iya bayyana ainihin abin da ake yi a ɗakin gwaji da yadda ake sa wa kowace kwalba suna, domin mutum ya kai wa malaminsa tambaya daidai. Tsoron a musanya maniyyi yana hana mutane barci, kuma amsarsa a nuna musu tsarin, ba a ce su yarda kawai ba.

Kada kuma a yi wa shawara ƙarin gishiri. Ba ta ƙara ƙwaya ko ɗaya. Maganar nan ta "kwantar da hankalinka, haihuwa za ta zo" ma cutarwa take, don tana mai da laifin kan mai damuwar. A 2011 Jacky Boivin ta jami'ar Cardiff da abokan aikinta sun haɗa bincike 14 kan mata fiye da 3,500, suka ga damuwar da mace ke ciki kafin a fara IVF ba ta canza yiwuwar shigar ciki ba. Amfanin shawara a wani wuri yake: nauyin zuciya yana cikin manyan dalilan da ke sa ma'aurata su watsar da magani a tsakiya, har a ƙasashen da gwamnati ke biya musu. Riƙe mutum har ya dawo gwaji na biyu, ya ga likitan mafitsara, ya daina allurar da ke cutar da shi, shi ne ribar. Shawarar tana da iyaka kuma. Wanda ya daina barci da cin abinci, ko ya fara maganar gara mutuwa, ko hannunsa ya fara kai wa matarsa, ya wuce hira a ofishin nas. Sai a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa, a nan asibitin ko a irin na Barnawa a Kaduna, ko Kware, ko Maiduguri, a kuma tabbatar matar tana cikin aminci.

Za a ce mace ce za ta yi wa magidanci wannan zance? Wani ba zai iya ba sai da ɗan'uwansa namiji, kuma muna da maza malaman jinya da ba a cika kai su wannan sashe ba, alhali nan ake bukatarsu. Wani kuma gaban namiji ne bakinsa zai mutu, ya fi sakewa da dattijuwar da za ta ce masa "ɗana". A tambaye shi. Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na ma'aikatan kansu: nas ɗaya a kan layin mutum hamsin, abokan aikinta suna ta ficewa Ingila da Saudiyya, a ce kuma ta ƙara zama da kowa minti ashirin, ba horo, ba ɗaki. Gaskiyarsu. Ɗora wannan aiki kan wanda ba a koya wa ba ya fi barinsa haɗari, domin sakin baki ɗaya a unguwa ya isa ya hana mazan gari guda zuwa. Abin da asibiti zai iya ba tare da sabon gini ba shi ne ya ware mutum ɗaya ko biyu ya horar da su, ya ba su ɗaki mai ƙofa da rana ɗaya a mako, ya buɗe wa miji katinsa na kansa maimakon a liƙa takardarsa a fayil ɗin matarsa, ya hana ba da sakamakon maniyyi ta taga. Wanda bai dawo ba a kira shi, a lambar da shi ya bayar da kansa, kuma kada a faɗi daga wane sashe ake kira sai an tabbatar shi ne ya ɗauka.